Wuyar Gyaran Wuya

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin harshe ya san cewa Hausa tana da kalmomin da rubutu ya haɗa su, karin sauti ya raba su. Daga cikinsu akwai wuya wanda ke ɗauke da kai, da kuma wuya wadda masu iya magana suka ce ba ta kisa sai kwana ya ƙare. Na farko namiji ne, ta biyu kuwa mace. Mun daɗe muna kawo wannan misali a gaban allo, ɗalibai su rubuta, mu wuce. Ba mu taɓa zaton akwai ranar da kalmomin biyu za su haɗu a hannunmu ba, sai a hunturun da ya ratsa ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, a unguwar Kado ta Abuja, sa'ad da wani yaro ɗan shekara 14 ya miƙo mana jitar mahaifinsa, ya ce, "Baffa, wuyanta ya lanƙwashe."

Yaron nan ɗan ƙanenmu ne, autan ɗakinmu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2021 bayan 'yar gajeriyar jinya. Sunan mahaifinmu aka sa masa, saboda haka Abba muke kiransa. Shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu suna zaune a ciki da falo na haya, a wani lungu da ba shi da nisa da kasuwar kifi ta Kado. Mukan je duba su duk lokacin da jami'a ta yi hutu, mu biya abin da ya sawwaƙa na makaranta, mu duba sakamakon jarrabawa, mu yi nasiha, mu kamo hanya. A duk zuwan da muka yi ba mu taɓa tambayar abin da ke cikin doguwar baƙar jakar da aka jingine a bayan kabad ba, domin kuwa mun sani.

Jita ce irin wadda makaɗa ke kira bes, wato mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta da amo sai an jona ta da amfilifaya. Ita ce ke ba da sautin nan mai zurfi da mutum kan ji a ƙirjinsa kafin kunnensa ya tantance shi. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da samfurin da duniya ta karɓa a 1951, ya kira shi Precision. Dalilin sunan shi ne ƙananan ƙarafan da ya gicciya a kan allon da yatsu ke dannawa, waɗanda ke sa kowace murya ta fito daidai, saɓanin ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda allonsa sumul yake. Makaɗa suna kiran waɗannan ƙarafa firet, mu kuwa a nan za mu kira su gaɓoɓi, don sun yi kama da gaɓoɓin kara. Ta autanmu ba ta Fender ba ce, kwaikwayo ce daga ƙasashen Asiya, ya saye ta a hannu tun yana saurayi. Da ita ya yi aure, da ita ya biya haya, da ita kuma ya saya wa Abba litattafan firamare.

Ya kamata mai karatu ya san matsayinmu game da wannan sana'a kafin mu ci gaba. Gidanmu a birnin Zariya gidan malanta ne, ba mu gaji kiɗa ba, ba mu kuma gaji roƙo ba. Da autanmu ya fara bin masu kiɗan zamani a Sabon Gari, daga baya a Kaduna, garin da Bala Miller ya yi tashe da ƙungiyarsa, sai gida ya ɗauki abin a matsayin ƙuruciya. Da ya koma Abuja a 2008 ya zama makaɗin otal-otal da wuraren biki, sai aka daina ambatar sana'arsa. In an tambaya, a ce yana buga-buga. Mu da muka yi boko mai zurfi, mu ya kamata mu tsaya masa, amma mu muka fi kowa tsanani. Abin mamaki kuwa shi ne a daidai wannan lokaci muna can muna rubuta kundin digirinmu na uku a kan makaɗan fada. Muna iya kwana muna feɗe salon Narambaɗa da na Ɗanƙwairo. Mun san cewa tun 1975 Dandatti Abdulƙadir ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana da nazarin Mamman Shata, mun kuma san Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan kansa digirin girmamawa a 1988. Mun karanta abin da M. G. Smith ya rubuta a 1959 kan yadda Bahaushe ya ajiye makaɗi a ƙasan tsanin daraja, har ma mun soki wannan ɗabi'a a babi na biyu na kundinmu. Duk da haka, a 2016 da aka shirya walimar kammala karatun, autanmu ya bugo waya cikin murna ya ce zai zo da abokan aikinsa su yi mana wasa kyauta. Muka ce masa, "Don Allah kada ka kunyata mu a gaban manyan malamanmu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Yaya." Ya zo walimar hannu rabbana, ya zauna a layin baya, ya taya rabon abinci. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu taɓa jin kiɗansa ba, ko sau ɗaya.

To, wannan ita ce jitar da Abba ya miƙo mana. Ashe ya fi wata shida yana fito da ita in mahaifiyarsa ta tafi kasuwa, yana koya wa kansa. Ya nuna mana yatsunsa, duk sun yi kanta, gefen tafin hannunsa na hagu kuma da 'yan yankuna kamar na reza. Ya ce tsirkiyoyin sun yi nisa da allo, sai ya danna da dukkan ƙarfinsa, kuma bakin ƙarafan nan ya fito yana yankarsa. Muka ɗaga jitar muka hango wuyan daga kai zuwa gindi, kamar yadda ake duban gorar mashi, sai muka ga lalle ya rusuna ya yi kamar baka.

A aljihun jakar muka tarar da wani ɗan makulli mai kusurwa shida, irin wanda makanikai ke kira alanki, muka kuma ga ramin da yake shiga a can wajen kan jitar. Nan fa ilmin rabin hanya ya motsa. Muka ce a ranmu, ai abin a fili yake, abin da ya saki ɗaure shi ake yi. Muka zura alanki muka murɗa, ya ɗan tafi ya cije. Muka ƙara ƙarfi. Sai muka ji wata 'yar ƙara daga cikin katakon, ƙyas, irin ta busasshen reshe in an taka shi. Abba ya riƙe hannunmu da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baffa, bari haka." Muka dubi fuskarsa, sai gabanmu ya faɗi. Saura ƙiris mu yi gyaran gangar Auzinawa a kan abu ɗaya tak da ubansa ya bar masa.

Mahaifiyar yaron ce ta fid da mu. Daga bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Yaya, akwai wani dattijo a bayan kasuwa, wurinsa marigayi yake kai ta." Washegari muka saɓa jaka, Abba na gaba muna biye, muka ratsa ta tsakanin masu wankin kifi da masu sayar da gawayi, har wata rumfar kwano cike da matattun lasifikoki da amfilifaya. Mai rumfar mutumin Jos ne, ya ba saba'in baya kaɗan, ya yi kiɗa da ƙungiyoyi a shekarun 1980 kafin ya koma gyara. Mutanen wurin Injiniya suke ce masa. Yawancin masu kawo masa aiki daga coci-coci suke, sai 'yan kiɗan biki. Tun kafin a zuge jakar ya gane ta. Ya dubi Abba ya daɗe, sannan ya yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu, ya ce ai bai ji ba sai bayan an yi arba'in.

Da muka faɗa masa abin da muka aikata bai yi faɗa ba. Ya dai tambaya, "Malam, ka sassauta tsirkiya kafin ka murɗa?" Muka ce a'a. "Sau nawa ka juya?" Muka ce ba mu ƙirga ba. Ya girgiza kai, ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya kwantar da jitar kamar mai kwantar da majinyaci, ya jawo mana benci. Abin da ya biyo baya darasi ne, kuma mun daɗe ba mu zauna a matsayin ɗalibi irin na ranar ba.

Ya ce mu fara da sanin nauyin da wuyan nan yake ɗauke da shi. Daga inda tsirkiya ta tashi a kai zuwa inda ta hau jaki a gindi inci 34 ne. Kowace tsirkiya in an ɗaure ta daidai tana ja da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 20, su huɗun kuwa wajen kilo 80, wato fiye da buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Babu siririn katakon da zai jure wannan shekara da shekaru bai rusuna ba. Saboda haka ake binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, daga kai har gindi, da noti a bakinta. In an ɗaure notin, sandar takan ja wuyan baya, ta yi gardama da tsirkiyoyin da ke jan sa gaba. Dabarar ta girmi jitar bes ɗin kanta, domin wani ma'aikacin kamfanin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya nemi rajistarta a 1921. Wuyan da muke gani a miƙe, in ji Injiniya, ja-in-ja ne ake yi a cikinsa wanda babu mai rinjaye.

Sa'an nan ya zo kan abin da ya ba mu mamaki. Ya sa Abba ya danne babbar tsirkiya a gaɓar farko, shi kuma ya danne ta a gaɓar ƙarshe, tsirkiyar ta zama kamar zaren magini. Ya ce mu dubi tazarar da ke tsakaninta da gaɓa ta takwas. Muka ga ƙwandala ma za ta iya shigewa. Ya ce abin da ake so a wurin bai wuce kaurin katin gayyata ba, kimanin sulusin milimita. Muka ce, ashe ba miƙewa sarai ake nema ba? Ya yi dariya, ya ce wuyan da ya miƙe sarai ba ya kiɗuwa. Babbar tsirkiyar nan tana kai da komowa sau 41 a cikin daƙiƙa guda, kuma a tsakiyarta ta fi buɗa. In ba a bar mata ɗan rami ta yi lilo ba, sai ta riƙa dukan gaɓoɓi tana zizar ƙudan zuma. In kuwa ramin ya yi yawa, sai yatsu su wahala, muryoyi su kauce. Aikin duka a cikin wannan 'yar tazara yake, wadda ido da kyar yake ganin ta.

Muka tambayi dalilin da ya sa wuyan ya tafi haka, alhali jitar tana jingine ba mai taɓa ta. Ya nuna waje da haɓarsa, inda hazo ya rufe benayen Jabi. Ya ce katako ko an sare shi an busar an shafa masa fenti, bai daina shan iska ba. A watan Agusta damshin iskar Abuja yakan haura kashi 80 cikin ɗari, katako ya sha ya kumbura, wuya ya koma baya. In hunturu ya kama damshin yakan faɗo ƙasa da kashi 30, katako ya tsuke, wuya ya rusuna gaba. Masu ƙera waɗannan kaya kuwa tsaka-tsaki suke so, wajen kashi 45 zuwa 55. Ƙarfe ba ruwansa da damshi, shi ya sa in allo ya tsuke ta gefe, gaɓoɓin sukan tsaya yadda suke, bakinsu ya fito ya yanki hannu. Ya ce marigayi sau biyu yake kawo ta kowace shekara, in ruwa ya sauka da in hunturu ya shigo, a ɗan juya notin a mayar da ita daidai. Yanzu hunturu uku ke nan ba wanda ya juya, tsirkiyoyi kuwa suna ɗaure suna ta ja.

A nan tunaninmu ya koma kan makaɗanmu na gargajiya. Ai wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mai ganga ya san fatarsa takan saki da damina, sai ya shanya ta a rana ko ya kara ta da wuta kafin ya fara. Mai goge ya san halin fatar guza da izgar doki a kowane yanayi, ya san lokacin shafa ƙaro da lokacin gyara zaman jaki. Haruna Uji da gurminsa, Garba Supa da kukumarsa, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, kowannensu sai da ya zama likitan abin kiɗansa kafin ya zama gwanin waƙa. Mu manazarta fa? Mukan ɗauko waƙa mu rubuta ta a takarda, mu fid da jigo da salo da zubi da tsari, abin kiɗan kuwa mu sallame shi da jimla guda a gabatarwa. Mun yi shekaru muna koyar da waƙar baka ba mu taɓa tambayar wani makaɗi yadda yake yi da kayansa in hunturu ya shigo ba.

Injiniya ya kwance tsirkiyoyin duka, ya warware notin ya fito da shi, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ya ce mun yi sa'a. Notin ya riga ya kai ƙarshen tiredinsa, babu sauran inda za shi, ƙarar da muka ji kuwa katakon da ke ƙarƙashinsa ne ya ɗan murƙushe. Da mun ƙara rabin juyi, ko tiredi ya cinye ko sandar ta karye a ciki, kuma in ta karye sai an ɓamɓare allon gaba ɗaya, aikin da kuɗinsa ya fi na jitar. Maganin da ya yi mai sauƙi ne a ido. Ya sa 'yan washa biyu a bakin sandar don notin ya sami sabon wurin tafiya, ya ɗiga masa giris. Sa'an nan ya ɗora wani miƙaƙƙen katako mai kauri bisa allon, da 'yan ƙyallaye da guntayen itace a kai da gindi, ya kawo abin matse katako na kafintoci ya matsa tsakiyar a hankali, har wuyan ya ɗan koma baya. Sai a lokacin ya mayar da notin ya ɗaure. Ya ce sandar ba a yi ta don ta tanƙwara wuya da ƙarfin tsiya ba. Kai ne za ka kai wuyan inda kake so da lallashi, ita kuma ta riƙe maka shi a wurin.

Muka ce to yanzu sai a mayar da tsirkiya? Ya ce sai jibi. Muka ce hutunmu ya kusa ƙarewa. Ya ce katako bai san da hutun jami'a ba. Haka muka yi kwana tara muna zarya tsakanin gida da rumfar nan. Bayan an mayar da tsirkiyoyi, kullum abu ɗaya ake yi: a auna tazarar gaɓa ta takwas, a sassauta tsirkiya, a juya notin rubu'in juyi ko ƙasa da haka, a sake ɗaurewa, a jingine ta sai gobe. Ya ce wuya yakan ɗauki yini kafin ya gama amsa abin da aka gaya masa jiya, wanda ya ƙara masa wani umurnin kafin nan zai wuce gona da iri bai sani ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da wannan karin magana muka riƙa kafa hujja a kan autanmu. A rumfar nan muka ga busasshen icce yana tanƙwaruwa, amma da rubu'in juyi da kwanan jira. Mu kuwa a 2016 juyi guda muka yi, da dukkan ƙarfinmu.

A cikin kwanakin jiran ne aka yi aikin allo. Injiniya ya manna salatif a gefe don kare katako, ya bi bakin gaɓoɓin da lallausan magagari ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ka shafa hannu ba abin da ke kama ka. Ya ce wannan aiki da hunturu ake yin sa, lokacin da allo ya kai iyakar tsukewa, in an yi shi sau ɗaya an gama. Ya sami wani wuri kusa da kai inda allon ya fara rabuwa da wuya, ya ɗura gam da bakin reza ya matse ya kwana. Allon baƙi-baƙi ne mai jan ratsi, daga dangin itacen da Turawa ke ji da shi wajen ƙera kayan kiɗa, wanda tun 2017 aka sa wa cinikinsa tsakanin ƙasashe takunkumi saboda yawan sara. A shekarar ce kuma aka sa madobiyarmu a wannan jeri, bayan an yi ta lodin ta daga dazuzzukan Taraba zuwa ƙasar Sin. Ya ce allo irin wannan ba a wasa da shi yanzu, ya goge shi da ƙyalle, ya shafa masa ɗan mai kaɗan, ya share.

Da dattin shekaru ya fita, sai wani abu ya bayyana. Tsakanin gaɓa ta biyu da ta bakwai, ƙarƙashin manyan tsirkiyoyi biyu, katakon ya lotsa ya yi 'yan ramuka masu santsi, gaɓoɓin wurin kuma tsirkiya ta ci su ta yi musu kwari. Can sama kuwa allon kamar sabo. Injiniya ya kama yatsan Abba ya sa a ɗaya daga ramukan, ya ce, "Nan babanka yake zama." Ya ce daga allo ake gane halin makaɗi. Mai son a gan shi yakan haura sama inda murya ke da kaifi. Marigayi kuwa a ƙasa yake tsayawa, ya riƙe wa mai ganga da mai waƙa gindi, ba a lura da shi sai ranar da bai zo ba. Mu da muke taƙama da karanta matani, ga matanin da ƙanenmu ya yi shekara goma sha biyar yana rubutawa da yatsunsa, sai da wani ya karanta mana.

Sai ya ce akwai shawara. Gyara na sosai shi ne a cire gaɓoɓin duka ashirin, a bi allon da samfefa a daidaita shi, a sa sababbi. Jitar za ta koma kamar yau aka saye ta, amma ramukan nan za su tafi. Ko kuma a canja gaɓoɓi biyar da suka ci, a daidaita tsayinsu da sauran, a bar katakon yadda yake, tun da tsirkiya a kan ƙarfe take sauka, ramin bai hana ta fita daidai ba. Ya dube mu, don mu ne masu biya. Bakinmu ya buɗe zai yanke hukunci kamar yadda ya saba, sai muka tuna hannuwa biyun da suka riƙe mu. Muka ce, "Abba, kayanka ne." Yaron bai ɗaga kai ba, ya ce, "A bar wurin Baba."

Ranar ƙarshe aka yi daidaiton murya. Injiniya ya bayyana mana cewa gaɓa ta 12 ita ce tsakiyar tsirkiya, inci 17 daga kai, kuma muryar da ta fito a nan dole ta zama ita ce ta sakakkiyar tsirkiya, sai dai a sama. In ta ɗara, sai a ja ɗan jakin wannan tsirkiya baya da sukundireba, in ta gaza a turo shi gaba. Ya bi su huɗun, ya kuma rage tsayin jakunan har tsirkiyoyi suka sauko kusa da allo. Aka jira wuta ba ta zo ba, maƙwabcinsa mai walda ya ta da janareta, aka jona. Dattijon ya rungumi jitar, ya ce bari ya yi mana wani zagaye da marigayi yake yawan yi in ana sauke amarya. Muryoyi biyar ne ko shida, suna tafiya suna dawowa kamar taku. Kwanon rumfar ya ɗauki rawa, muka ji abin a ƙirjinmu. Wani mai tura baro ya tsaya a bakin ƙofa. Ba za mu iya cewa mun ji kiɗan autanmu ba, wannan dama ta wuce. Amma mun ji inda yake zama, daga hannun wanda ya san shi a sana'arsa fiye da yadda mu 'yan'uwansa muka yarda mu san shi. Da aka miƙa wa Abba, ya danna gaɓa ta uku, ya ɗago da mamaki, ya ce, "Baffa, ko ƙarfi ban sa ba."

Ba mu san ko Abba zai zama makaɗi ba. Mahaifiyarsa tana son ya yi likita, tana kuma da hujjarta, domin ita ta san daren da miji ba ya gida da watan da ba a biki. A Kano ma tun shekarun 1990 fiyano ɗaya ya maye gurbin ƙungiya guda a waƙoƙin finafinai, har da muryar bes ɗin a cikinsa. Abin da aka tsayar a falon nan kafin mu taho shi ne jita ta fito daga bayan kabad, a daina jingine ta da bangon da rana ke duka, yaro ya yi karatunsa, in ya gama ya kaɗa abinsa ba a ɓoye ba. An kuma yi alkawari zai riƙa kai ta rumfar Injiniya sau biyu a shekara kamar yadda ubansa yake yi, ya zauna ya kalla har hannunsa ya iya. Alankin nan mun mayar da shi aljihun jaka, mun ce kada wanda ya ƙara taɓa shi sai wanda ya san rubu'in juyi.

Da muka koma bakin aiki, a darasin farko na waƙar baka muka aiki ɗalibanmu 'yan aji uku su nemo makaɗi, kowane iri ne, na fada ko na biki ko na coci ko na otal, su zauna da shi yini guda, kada su tambaye shi ma'anar waƙa, su tambaye shi yadda yake gyaran kayansa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ma adabi ne?" Muka ce ta je ta dawo tukuna, sa'an nan mu yi gardamar.

Allah Ya jiƙan autanmu, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka gaya masa. Allah Ya raya abin da ya bari. Amin.